Jiran Taurarin Ƙarfe

Na tada mota a Mabera da hantsi,
injin ban-ruwa a baya, ɗaure da igiya,
mai shi na jira a wata fadama bayan Wurno
wadda ƙafata ba ta taɓa takawa ba.
Na kunna na'urar nuna hanya.
Ta buɗe ido ta ce tana neman tauraron ɗan'adam,
'yar da'ira na ta juyi a gilashinta
kamar akuyar da aka bari a turke.

Minti goma. Na kashe, na kunna.
Na ɗan ƙwanƙwashe ta a ƙeya
yadda muke yi wa tsohuwar rediyo.
Na hura mata iska, na yi mata faɗa.
Akuya dai na nan tana zagaya.

Sai na nufi Ladan mai gyara, can Gawon Nama,
shagon da ke warin dalma da shayin da ya huce.
Bai ko karɓe ta ba ya ce,
"Ina ka aje ta duk watannin nan?"
Na ce cikin akwati, tun bayan ƙaramar salla.
"To ai ta manta sama.
Taurarin da ta sani sun bar inda ta baro su.
Wanda ya daɗe cikin rijiya
ba ya fitowa ya nuna maka gabas."

Ya zare cajar da na saya a bakin titi:
"Wagga surutu take mata cikin kunne."
Ya duba kwanan wata, ashe shekara shida take baya.
Ya shafa baƙar ledar da na liƙa a gilashin gaba
saboda zafin Sakkwato, ya girgiza kai:
"Ka tare rana, ka haɗa da abin da kake nema.
Sannan ka fake ƙarƙashin rumfar kwano
kana zargin baiwar Allah da makanta."

Nawa ne kuɗin gyara?
"Babu abin da ya lalace.
Je ka fili, ɗora ta saman mota, kar ka motsa.
Saƙon daga nesa yake, a hankali yake sauka,
mai gudu kuwa rabi yake ji."

Na tsaya a wani faƙo kan hanyar Achida,
ba bishiya, ba bango, sai shaho guda a sama.
Na zauna a inuwar taya.
Nan Baba ya faɗo mini,
shi da ya kai goro har Ƙonni a kan jaki,
ba allo, ba batir.
In dare ya yi ya duba Kaza da 'Ya'yanta,
in asuba ta gabato ya gai da Gamzaki,
bai taɓa buga musu yatsa don su yi sauri ba.

Wani dattijo ya zo a keke, albasa buhu biyu.
"Lafiya, mai mota?"
Na ce taurari nake jira.
Ya dubi rana tsaka, ya dube ni,
ya ga dai ban yi kama da mai taɓin hankali ba.
Na faɗi sunan mai fadamar.
"Ai Cika ne! Wuce giginya biyu,
ka saki kwalta, ka bi hagunka,
inda ka ji ƙasa ta yi sanyi, ka iso."

Bai gama hawa kekensa ba
sanda ɗaya ta miƙe a gilashi.
Ta biyu. Ta uku ta yi jinkiri.
Ta huɗu na zuwa akuya ta tsinke igiya,
ga ni, ɗigo shuɗi a tsakiyar faƙo.

Da na kai giginya biyu
ta gyara murya ta ce in bi hagu.
Na ce, sannu da zuwa,
ai mai albasa ya riga ki.