Kaurin Yatsa Ɗaya

A gidanmu na Porto, a lungun da ke gangarawa kogi,
tayil ɗin kicin ya ɗara katakon falo tudu
da kaurin ɗan yatsana.
Shi ke nan. Yatsa ɗaya.
Amma ƙafar Ermelinda, mahaifiyata,
shekara tamanin da uku take ja,
ba ta tashi daga ƙasa fiye da takarda.

Ran Talata ta yi tuntuɓe.
Kofi ya yi gaba, sanda ta yi baya,
ita ta tsaya tsakiya, riƙe da ƙyaure,
tana tsine wa mai tayil har kakanninsa.

Mai tayil ya ce shi ba ruwansa.
Akwai ƙarfen da ake sayarwa a kanti,
fari, mai sheƙi, ƙusa huɗu an gama.
Na sayo, na ɗora, na ja da baya.
Ya zauna tsakanin ɗakunan biyu
kamar haƙorin ƙarfe a bakin tsoho.

Sai na kira Abílio.
Kunnensa ɗaya ya mutu, gwiwarsa tana ƙara,
duk da haka ya durƙusa,
ya shafa katako, ya shafa tangaran,
kamar mai sasanta maƙwabta, yana jin ta bakin kowa.
Ya ce, wa ya shimfiɗa wannan?
Na ce Anselmo, mahaifina, shekarar da aka haife ni.
Ya ce, bahago ne.
Dubi yadda ƙusoshin suka karkata.

Bahago ne kuwa.
Na juya na shiga neman abin da ban yar ba.

Ya ce, kin ga, 'yata,
katako bai gama mutuwa ba.
In hazon Douro ya taso, ya sha ya kumbura,
in rani ya zo ya tsuke ciki.
Tangaran kuwa, tun da ya fito daga wuta
bai sake motsi ba.
Kika matse su baki da baki,
kafin hunturu biyu ɗaya ya fasa ɗaya.
Sai an bar musu rata.

Ya tono daga tarkacen tsakar gida
guntun katakon da muka ɓamɓare a kicin,
mai tabon man zaitun, mai ƙunar gindin tukunya.
Wuni guda yana fiƙe shi,
gefen nan kauri, gefen can bakin wuƙa,
har tudun ya koma gangare
mai faɗin tafin hannu.
Ratar ya cusa mata ɓawon itace,
irin wanda ake toshe kwalba da shi,
a matsa ya lotsa, a saki ya dawo.

Zai fita ya ɗaga kai,
ya hango inda na yaɓa sabon filasta
kan tsohon dutsen bango, wai don kada a gane.
Ya ce, kankare, ai an riga an gane.
Ja layi miƙaƙƙe, ki bar dutse a dutsensa.
Ban kankare ba har yau.
Na gaji, kuɗin ma sun ƙare.

Da safe na yi kamar ina wanke-wanke.
Na ji ta tafe: sanda, silifa, silifa,
katako yana amsa mata da kukansa na da,
sai ɗan shiru,
sai ƙwas-ƙwas a kan tayil.
Ba ta dubi ƙasa ba.
Ruwan shan maganinta ko ɗigo bai zuba ba.

Ta zauna kujerarta ta bakin ƙofa,
ta ƙare wa daɓen kallo, ta taɓe baki,
ta ce shuɗin nan bai yi mata ba,
da an tambaye ta, ruwan ƙasa za a sa.

Na ce to.
Amma ina ganin ƙafarta ta hagu
ta zame daga silifa a hankali,
ta laluba, ta sami ƙunar tukunyar nan,
ta zauna a kai
har shayi ya huce.