Dala Ashirin

Ni ne Sahabi, mai kayan babur a bakin tashar Ɗan Isa,
sarƙa da taya, birki da bututun hayaƙi.
Ban taɓa kwana da haƙƙin wani a aljihuna ba.

Katin nan har shago aka biyo ni da shi,
wani yaro mai takalmi yana sheƙi:
“Alhaji, sari kaya daga Kwatano kana zaune,
ka biya ƙarshen wata.”
Ban je Makka ba, amma kirarin ya yi mini daɗi.
Na sa hannu.

Ranar Juma'a na biya, tun ladan bai gyara murya ba.
Yarinyar gishe ta ce rezo ya ɗauke,
ta buga hatimi, ta miƙo mini ƴar takarda.
Rezo bai farka ba sai Litinin.
Shi ya yi barcin,
ni aka rubuta wa latti.

Jikka tara, tara.
Su tara, ni in tara gumi.
Wata ya tsaya, tarar ta haihu,
kafin suna ɗiyar ma ta ɗau ciki.
Ko jar akuyar garin nan da ake yabo da tagwaye
ba ta kamo ƙafarta ba:
jikka ashirin da bakwai, da dala ashirin a bisa.

Illa mai faci ya ce, “Bar su da Allah.
Wa ya taɓa zaro ƙashi daga bakin kura?”
Na ce na bar su da Allah,
sai dai Allah ya bar ni da ƙafa biyu
da gwangwanin madara
inda kowane resi ke kwance tun shekara shida.

Da dare Barira, autata, ta haska tocila
kan rubutun da ya fi ƙwan kiyashi ƙanƙanta,
Faransancin da aka rubuta don kada a karanta.
Ta bi shi da farce, layi bayan layi, ta tsaya.
“Baba, ranar da suka karɓa ita ce ranar biya.
Su suka faɗa.”
Ta rubuta wasiƙa, na dangwala hannu.

Zuwan farko: darakta ya tafi Yamai.
Zuwa na biyu: wasiƙa ta yi ƙafa.
Zuwa na uku na rufe shago,
na ɗau buta da carbi,
na zauna kan kujerarsu mai sanyi.
Ban zagi kowa ba.
Duk wanda ya shigo mu gaisa,
in nuna masa hatimin Juma'a.
Kafin azahar mun zama huɗu:
ni, da malamin makarantar Bagalam,
da Hajiya Zinaru mai man gyaɗa,
da wani direba da bai ma san an yanke shi ba.

Sai ƙofar ciki ta buɗe.
Ashe Yamai ba ta da nisa.
Aka ba ni ruwan gora, aka ce kuskuren na'ura ne.
Na ce, “Mushe, na'urar nan taku,
ta taɓa kuskure ta ƙara wa talaka?”
Ya gyara tabarau, ya dubi bango.

Kwana goma sha ɗaya, waya ta yi ƙara:
jikka ashirin da bakwai sun dawo gida.
Na ƙirga, na sake ƙirgawa.
Dala ashirin ba ta biyo su ba.

Kabu-kabu ya ci mini dala sittin, zuwa da dawowa.
Illa ya yi dariya har facin hannunsa ya faɗi.
Ya yi ta yi.
Ƙwandalar na nan cikin gwangwani,
ta danne takardar Juma'a kada iska ta ɗauka.

Katin kuwa ban yar ba.
Bakinsa da kaifi.
Da shi nake kankare baƙin mai a jikin inji.