Mai Ƙirga Abin da Bai Faru Ba

Ranar da Saltanat Yerzhanova ta ajiye aiki
an ba ta agogon bango, da takardar yabo,
da shayi mai madara irin na Astana.
Kafin ya huce kowa ya koma teburinsa.

Shekara talatin da ɗaya,
ba ta taɓa riƙe bindiga ba.
Aikinta hatimi ne:
waya siririya kamar gashin wutsiyar doki,
da ɗan dalma a baki, da lamba.
Ta ɗaura, ta rubuta, ta tafi.
Bayan wata shida ta dawo ta duƙa
ta ga ko wani hannu ya taɓa.

A ƙauyensu, can gefen filin gwaji,
uwarta kan ce wata safiya rana ta fito sau biyu,
ɗaya daga gabas, ɗaya daga inda ba hanyarta ba.
Gilasan taga suka zube, goɗiyoyi suka ƙafe,
sojoji suka ce a kwanta rub da ciki, ba komai.
Ƙanenta Nurlybek ya zo duniya bayan haka.
Bai taɓa iya riƙe cokali ba.
Ita ke ba shi romo har ya cika, yana ɗan sha tara.

Shi ya sa ta koyi ƙirga.
Giram nawa ya shiga, nawa ya fita,
ina sauran ukun?
Ta taɓa tsare wani janar awa bakwai a ɗaki mai sanyi
a kan ukun nan,
yana zare ido, tana juya shafi.
Ashe sikeli ne ya yi ƙarya.
Ta ba shi haƙuri. Kunya kam ba ta ji ba.

A Vienna sun kwana goma sha ɗaya
suna ja-in-ja a kan waƙafi guda,
har muryar tafinta ta dushe.
Ta dawo ta tarar 'yarta ta yi haƙori
tana miƙa wa maƙwabciya hannu.

Ta ga an toshe ramukan dutse da kankare.
Ta ga masu neman tagulla sun zo da dare sun fasa,
yunwa ba ta karanta allon gargaɗi.
Aka sake toshewa.
Aka sake.

Da yamma jikanta ya ce, "Kaka, ke me kika gina?"
Ta leƙa taga.
Motar burodi tana ja da baya.
Wata mata na jan yaro, yana tirjewa,
dusar ƙanƙara na sauka a hularsa.

"Ka ga Talatar nan?" in ji ta.
"Ina da hannu a ciki. Ɗan kaɗan."

Yaron ya taɓe baki ya koma wasansa.
Ita kuwa ta ɗauko agogon,
ta shiga neman ƙusa.