Randar Damaris

Shekara talatin ina auna ƙasa a Damagaram,
da taswira, da igiyar awo, da takardar shaida daga Yamai.
Na san inda dutse ya gurfana a ƙarƙashin Birni
kamar raƙumin da ya ƙi tashi.
Na san gaba nawa ake nitsawa a Arunguza
kafin bakin ƙarfe ya ji sanyin ruwa.

Injiniya Barnaba ake ce mini.
In na yi gyaran murya a taro, masu furfura sukan yi tsit.
Shirun nan ya yi mini daɗi, ba na ɓoyewa.

Damaris matata aji uku ta yi a lakwal.
Amma kowace asuba,
tun pampo bai fara tarinsa na banza ba,
takan mirgino randa bakin ƙofarmu a Garin Malam,
ta cika ta, ta kifa faifai, ta ɗora moɗa,
ta bar wa mai wucewa.

A tsakiyar bazara ne fa,
bido ɗaya ya kai dala arba'in,
'yan ga-ruwa suna kwana a layi da kurarsu.
Na ɗauko alƙalami na buga mata lissafi:
bido biyu a yini, sau talatin, sau wata huɗu.
Na ce, buhun hatsi nawa ke nan
kike ɗurawa a maƙogwaron waɗanda ko sunanki ba su sani ba?
Ta ci gaba da ɗauraye moɗa.
Can ta ce, ranar da Ubangijina ya ji ƙishi a kan gicciye
ba na wurin, Barnaba.
Yau ina nan, kuma akwai ƙishirwa.

Na yi murmushin mai ilimi.
A raina na ce wauta ce,
mai tsarki dai, amma wauta.

Zazzaɓin kwana shida ya ɗauke ta.
Na san sunan cutar da Faransanci,
na san adadin ƙwayar da likita ya rubuta,
ba ɗayansu da ya tsaya tsakaninta da mutuwa.

Da muka dawo daga majami'a, gida ya cika da masu gaisuwa,
ba ɗigo ko na wanke ido.
Sai ga ƙarar kura a lungu.
Lawali ne, da Mutari, da wani gurgu da ban taɓa lura da shi ba.
Suka sauke bido goma sha biyu.
Na laluba aljihu. Mutari ya riƙe mini hannu,
ya ce, Malam, kada ka zage mu.
Har kwana arba'in kurarsu ba ta fasa dawowa ba.

Ba cewa nake an biya ta ba.
Ita ba rance ta bayar ba,
kuma ni da na iya lissafi, na sake bugawa:
har yau asara ce a takarda.
Haka ma Ɗan Allah a kan itace tsakanin ɓarayi,
wane ɗan kasuwar Dole zai kira wannan riba?
Amma daga ramin da taswirata ta ce babu kome
nan Ya ɓuɓɓugo da rayuwa.

Yanzu ni ke mirgino randar.
Bayana na ciwo, rabi nakan zubar a hanya.
Jiya wani yaro ya sha, ya goge baki, ya tambaye ni
ko ni ne mai gadin gidan.
Na ce masa i.