Mai Ƙanƙara ta Unguwar Rogo

Shekara goma sha tara ina sayar da ƙanƙara
a bakin titin Bauchi, daura da mai faci.
Na san wadda ta kama,
na san wadda ta yi rabin kamu,
da wadda za ta ci amanar mai zoɓo kafin azahar.
Ban taɓa jin ana karatun digiri a kanta ba.

Sai ga Hansatu da takarda,
ko takalmi ba ta tsaya cirewa ba.
Wai musayar ɗalibai za a yi:
su aiko nasu su ƙwanƙwasa duwatsun Shere,
mu tura namu can ƙuryar arewa,
arewar da ta wuce Agadas, ta tsallake teku,
ta kai inda ƙasar kanta ƙanƙara ce
ba tare da kowa ya biya kuɗin wuta ba.

Na ce, to, nawa?
Don na san labari mai daɗi ba ya rasa wutsiya.

Makaranta kyauta. Ɗaki kyauta.
Kuɗin jirgi kuwa, a saya, a adana rasit,
za a mayar in an dawo.
Wanda ya rubuta wannan layi
bai taɓa ƙirga canji da tocila a baki ba.

Sau uku tana zuwa Abuja.
Ran farko oga na taro.
Na biyu fayil ya hau bene bai sauko ba.
Na uku aka ce asusun bana ya rufe,
amma an yaba da ƙoƙarinta.
Ta dawo mini da yabon a jaka, mun rasa inda ake canza shi.

Ngo Kaneng ta sakar mini ɗaukarta ta adashi,
ta ce, ɗiyarki ai ɗiyar layin nan ce.
Kawunta ya karyar da buhu tara na dankali
tun kasuwa ba ta yi kyau ba.
Saura kaɗan,
irin kaɗan ɗin da ke hana barci.

Na dubi babbar firizata.
Ita ta biya firamare, ita ta biya sakandare,
ita na kwana ina yi wa addu'a duk daren da aka ɗauke wuta.
Mai kifi daga Farin Gada ya taya, na sallama.
Da a-kori-kura ta tashi da ita
sai ga sawunta a siminti, kusurwa huɗu, fari tas.
Har yau kewaye shi nake in zan wuce.

A Katako muka zube dilar gwanjo muna neman riga.
Ɗanjuma ya ce, Hajiya, waɗannan na sanyin Jos ne,
wadda kike nema ko masu ƙasar ba sa yar da ita.
Muka sayi biyu, ta ɗora wata kan wata.

Yanzu muryarta ke zuwa ta waya.
Wai rana ta yi wata guda ba ta faɗi ba,
da agogo take gane magariba.
Wai suna huda ƙanƙarar suna auna shekarunta,
kuma narkewa take, Inna,
in na kasa kunne ina jin ɗigarta daga ƙasa
kamar tamu in wuta ta kwana biyu ba ta zo ba.

Da sun tambaye ni da na faɗa musu kyauta:
ba ta sama take fara tafiya ba.

Jiya da la'asar aka yi ruwa da ƙanƙara,
tana dukan kwano kamar mai bin bashi.
Na tsinci uku a tafin hannu,
na tsaya a tsakar gida har suka zama ruwa.
Rasit ɗin yana nan cikin leda, ƙarƙashin katifa.
Kowace Juma'a nakan duba
ko tawadar ba ta gudu ba.