Baƙuwa a Wutsiyar Kunama

Da la'asar saƙon ya iske mu a kan dutse,
daga wani manomin tuffa a Nagano,
Kuroiwa, ɗan shekara saba'in da ɗaya:
wai ga ɗigon haske a wutsiyar Kunama
inda shekaranjiya babu ko ƙyas.

Baltasar ya ture kofin shayinsa.
"Ƙila ƙura ce a madubin tsoho," in ji shi,
amma ya riga ni ɗaukar makullin kubba.

Daren na Farfesa Ilabaca ne,
wata takwas tana jiran layinta.
Na kira ta La Serena, ina lanƙwasa murya.
Ta yi shiru har na ji tarin jaririnta,
ta ce, "Minti arba'in, Eliana.
Kar ki ƙara ko ɗaya."

Gajimare ya taso daga teku
yana hawan kwari a hankali, ba ya jin roƙo.
Rufi ya dāre da ƙugi.
Yatsuna sun ƙage don sanyi,
sau biyu ina kuskuren lamba.

Sai ga ta.
Ba ta kai ƙwayar gero ba.

Muka zura haskenta ta siririyar kafa,
na'ura ta tankaɗe shi, ta shanya bakan gizo,
can wajen ja
layin haidirojin ya miƙe tsaye,
kakkaura, ya buɗe kafaɗa,
iska mai gudun kilomita dubu biyu
kafin ka ƙifta ido.

Farar wada ce, gawar tauraruwa,
ta daɗe tana lasar tukunyar maƙwabciya
kaɗan-kaɗan,
har ta ƙware, ta yi aman wuta.
Kwaɗayi mabuɗin wahala, ko a sama.

Baltasar ya cire hula bai ce komai ba.
Da minti talatin da bakwai gajimare ya rufe mu,
farfesa ba ta samu ko sauran ukun ba.

Na aika sakamako Afirka ta Kudu, na aika Ostireliya,
duk mai sauran duhu ya karɓa.

Ina saukowa ne abin ya ba ni dariya:
duk wannan gudu, duk wannan haki,
kan gobarar da ta ci ta mutu
tun kakannina ba su san dankali ba.

Kuroiwa ya amsa da layi guda.
Ya gode,
ya ce bari ya je ya duba itatuwansa.