Baƙo Ɗaya, Masauki Uku

Ƙarfe goma na dare a Samaru,
janareton mai shayi na tari,
ni da Haladu mun duƙufa kan filashi ɗaya.
A cikinsa rigar ƙwallon unguwarmu take,
koriya mai ratsin fari,
wadda Kande ta zana da linzami mai gardama.
So muke ta shiga wasan, a sa ta a fili.

Windos ta tare mu kamar mai gadin ma'aikata:
Wa ya aiko ka? Ka tabbata?
Sau biyu na rantse kafin ta kauce.

Ta Ishaya, mai tambarin tuffa,
ta ɓoye ɗakin ajiyarta bayan labule.
Sai ka san sunansa,
ka kira shi harafi-harafi.

Linos kuwa, tsohuwar da Haladu ya tsinto a Sabon Gari,
ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.
Ɗan wasa ya fito toka-toka, kamar an wanke shi da habɗi.
Shayi ya huce muna zargin juna.
Ashe baƙi ɗaya ne:
na rubuta Riga da babba,
ita ƙarami ta sani.

Na gyara.
Saura kashi huɗu a batir,
lamba tara ya ruga cikin kore da fari,
ya yanke gola, ya tsaya gaban raga,
ya ɗaga ƙwallo sama.

Haladu ya ce, shi ke nan, ta zauna.
Wannan kam ɗan unguwarmu ne.